A Bar Tsohuwa Ta Yi Haki

Ran nan ina wanke kwalabe a bayan ɗakin masu tari, sai na ji 'yan matan nan da suka zo sitaj, wato koyon aiki, daga Damagaram suna dariya. Ɗaya ta ce wa 'yar uwarta, "Wai wannan ma aiki ne? A ba tsoho kwalba ya yi ta busa kamar yaro." Ni ban iya mayar da magana a tsaye ba. Da na koma gida na ga gara in zauna in rubuta muku, ku da masu zuwa bayanku. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi a zuci.

Aikina shi ne koya wa masu ciwon huhu numfashi da motsa jiki. Ba masu murar kwana biyu ba. Waɗanda huhunsu ya riga ya lalace, ba zai koma yadda yake ba: matan da suka tsufa a bakin murhu, masu dafa gishirin manda a kwari, masu haƙar kanwa, da waɗanda suka sha maganin tibi suka warke amma ciwon ya bar musu tabo a ƙirji. Ba na warkar da kowa. Magani na lokotoro ne da majo, babban malamin jinyarmu. Ni ɗan numfashin da ya rage wa mutum nake koya masa ya yi tattalinsa, ya kai shi inda yake son zuwa.

Da tsintsiya na fara a likitar nan ta Gure, wato asibitinmu. Ina shara aka turo mana Madam Fati daga Doso, wadda ta karanci gyaran jiki ta hanyar motsi. Hausarta ta cefane ce, Barbarci kuwa ko gaisuwa ba ta ji. Ni uwata 'yar Mangawa ce masu Barbarci, da harshe biyu na tashi, sai aka riƙa kirana in yi mata tafinta. Rannan ta ce wa wani tsoho ya tashi ya taka zuwa ƙofa, ya ƙi, ni kuma na juya na ce mata tsohon nan rigima ce da shi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zare ruwan biro daga bututunsa, ta miƙo mini bututun, ta ce in sa a baki, in toshe hanci da hannu ɗaya, in share baranda da ɗayan. Ban kai rabin barandar ba na yar da tsintsiya. Ƙirjina ya ɗaure, idona ya yi duhu, wani tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, alhali ga ni tsaye da rana tsaka cikin mutane. Na tofar da bututun ina haki. Madam ta ɗauka ta goge shi da gefen rigarta ta ce, "Ke kin cire naki. Shi ba shi da abin cirewa."

Daga ranar ta fara koya mini. Abin farko da ta cusa mini a kai, wahalar mutanen nan ba a shigar iska kaɗai take ba, ta fi yawa a fitarta. Tsohuwar iska takan maƙale a ƙirji, sabuwa ta rasa wurin zama. Mutum ya tsorata ya yi ta zuƙa da sauri, yana ƙara cika abin da ya riga ya cika. Don haka ake koya masa ya shaƙa ta hanci a hankali, ya tsuke baki kamar mai hura kunu, ya saki iskar siririya, fitar ta fi shigar tsawo. A baki magana ce gajera. Ku je ku faɗa wa wanda yake jin kamar an danna kansa cikin ruwa cewa ya yi a hankali, sannan ku zo mu yi hira.

Kwalbar farko da na haɗa da hannuna ta wani makiyayi ce daga wajen Alakos. Kwalbar roba ce ta ruwan sha, an wanke ta da sabulu ta bushe. Ana zuba ruwa kamar tsawon tafin hannu, a sa tiyo mai ɗan faɗi ya kai har ƙasa. Bakin kwalbar a buɗe yake zama, ba a rufewa. Mutum ya shaƙa ta hanci, ya busa ta tiyon har ruwan ya yi ta ɓulɓula, ba da ƙarfi ba, da tsawo. Nauyin ruwan ne yake riƙe hanyoyin iska a buɗe, majinar da ta lafe a ƙasan ƙirji ta motso. In tiyon ya yi siriri, mutum zai wahala a banza. In ruwan ya yi yawa, kansa zai juya. Makiyayin nan ya busa, ya huta, ya busa, sai tari ya zo masa da abin da ya daɗe yana nema ya fitar. Ya dube ni ya dubi kwalbar, ya ce a ba shi ita ya tafi da ita daji.

Ban da kwalba, ina da 'yar jakar rairayi da nake ɗora wa mutum a ciki in ya kwanta rigingine, ya riƙa ɗaga ta da numfashi, don ya koyi ja da ciki ya bar ja da kafaɗa da wuya. Akwai wani ɗan abu na roba mai waya a ciki da Madam ta zo da shi, ana sa shi a baki a zuƙa da ƙarfi, wayar tana hanawa, naman da ke jan numfashi yana ƙara ƙwari kamar yadda damtse ke yi a bakin rijiya. 'Yan kaɗan ne, kowane mutum da nasa, ba a aro. Sai kujera, sai sanda. Sauran kayan aikin duk a jikin mai ciwon suke, kuma mafi girmansu ƙafa ce. Wanda ƙafarsa ta yi ƙarfi, tafiyar da yake yi ba ta cin numfashi da yawa.

Wani malami na bayan kasuwa ya koya mini abin da Madam ba ta taɓa gani ba. Na haɗa masa kwalba ya tafi da ita gida. Da na je duba shi sai na tarar da kwalbar ba ruwa, matarsa tana shirin sake zubawa. Na ce ina na safe? Ta ce maƙwabta sun raba. Ashe sun ga malam ya zauna yana hura ruwa safe da yamma, suka ɗauka tofi ne, mata suna zuwa da kofi suna ɗiba wa 'ya'yansu. Malam da kansa bai sani ba, da ya ji sai da ya dafe kai. Allah ya taimaka an riga an gwada majinarsa ba tibi. Tun daga nan ba na ba da kwalba sai na faɗa a gaban duk mutanen gida cewa ruwan nan ruwan ƙazanta ne, kuma mai shi ne zai kai shi makewayi ya zubar da hannunsa. Zuwa makewayin ma tafiya ce, ta shiga cikin aikin.

Amma aikin da nake so in ba ku labarinsa tun daga tushe na wata tsohuwa ne, Ya Fanna. Garinsu yana hanyar Bune, bisa tudun rairayi, kwarinsu yana ƙarƙashinsa da rijiyoyi da garake, wato lambuna, da dabino. Tun tana amarya take kula da wutar manda tare da mijinta, tana cusa kututturen goriba a tanda, hayaƙi yana shiga mata ido da baki. Mijin ya rasu, ita kuma ƙirji ya kama ta. Ɗanta Bukar ya kawo ta likita. Aka gwada majina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ba ta maganin shaƙa. Majo ya ce in riƙa bin motar kasuwa ina zuwa gidan. Da suka fita ya ce mini, "Ƙafafun nan nake tsoro fiye da ƙirjin. In ta ƙara lokacin ɗari guda a kwance, ba za ta sake tashi ba."

Zuwana na farko na tarar da ɗaki a share fes, tabarma sabuwa, tsohuwa a kwance kan katifa, kaskon turaren wuta yana tashi daidai kanta. Matar Bukar, Kellu, tana zaune tana yi mata fifita. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta ɗaga ido. In tsohuwa ta motsa hannu wajen kofi, Kellu ta riga ta kai mata baki. In za ta yi alwala, a kawo buta da kwano har kan shimfiɗa, a zuba mata. Ban taɓa ganin jinya mai kyau kamar wannan ba, kuma ita ce take cin tsohuwar.

Na fara da kaskon. Na ce a fitar da shi. Kellu ta dube ni kamar na ce a cire wa tsohuwa zane. A wajenmu ɗakin babbar mace ba turare, ga masu gaisuwa suna shiga suna fita, ai an wulaƙanta ta. Na ce hayaƙi hayaƙi ne, ƙirjin bai san na manda da na turare ba. Muka daidaita a kan a riƙa turara zannuwan a tsakar gida, su sha iska, sannan a shigo da su.

Madam ta koya mini kada in fara da abin da nake so, in tambayi mutum abin da yake so ya iya. Na durƙusa na ce da Barbarci, "Ya Fanna, in Allah ya ba ki numfashi, me za ki yi da shi?"

Maganarta a gutsure take fita, kalma ɗaya sai hutu. "Dabinona." Ta huta. "A kwari." Ta sake hutawa. "In gan su."

Bukar yana tsaye bakin ƙofa, ya ce, "Haba Ya, ai ana kawo miki har nan."

Ta ce, "Ban ce in ci ba."

Da zama muka fara. Ta zauna ta jingina da bango, hannuna a cikinta, nata a kan nawa, muna shaƙa muna sakewa tare. Sai kwalba. Sai tashi daga kujera da komawa, tana sakin iska lokacin da take miƙewa. Na nuna mata yadda za ta tsaya in numfashi ya ƙwace mata, ta sunkuya kaɗan ta ɗora hannuwa bisa sanda, ta saki kafaɗu, ta tsuke baki. Kowace kasuwa in na zo sai mu ƙara kaɗan. Daga katifa zuwa ƙofar ɗaki. Daga ƙofar ɗaki zuwa randa. Na ce daga yau ita za ta ɗauki butarta ta je ta yi alwala a waje. Ta fara kirana Mai Kwalba, in ta ji sallamata sai ta ce ga azaba ta iso.

Wata kasuwar na zo na tarar da Kellu idanu a kumbure. Ta ja ni bayan rumbu. Ashe maƙwabciyarsu Ya Gana, tsarar tsohuwar ce kuma ƙawarta tun ƙuruciya, ta shigo gaisuwa ta tarar da Ya Fanna tsaye a tsakar gida da buta a hannu tana haki, surukarta kuma tana tsaye tana kallo. Kafin la'asar maganar ta gama gari.

Kellu ta ce, "Inna, ke ran kasuwa kike zuwa ki tafi. Ni ce nake zuwa rijiya. An ce na gaji da jinya, so nake in ƙarasa ta. Har gidanmu an kai wa babata."

Ba zan iya rufe bakin rijiya ba. Abin da na sani na ba ta. Na ce haki iri biyu ne, akwai na aiki akwai na haɗari. In leɓenta ya yi shuɗi, ko ta dafe ƙirji ta ce ciwo, ko jiri ya ɗebe ta, a zaunar da ita nan take, a ba ta maganin shaƙa, in bai lafa ba a nemi mota. In zazzaɓi ya zo, ko majina ta canza launi, ko ƙafa ta kumbura, ba a motsa jiki ranar, likita ake zuwa. In babu ko ɗaya, ki yi mata tambaya. In ta iya amsa miki da kalma biyu uku, numfashin yana nan, ki bar ta. Kellu ta saurara, ta maimaita mini duka ba ta tsallake ko ɗaya ba. Muka ci gaba. Kafin ƙarshen bazara tsohuwa tana fita ƙofar gida ta kai gindin itacen bedi ta dawo.

Sai shekarar korona ta shigo, ita ce mummunar shekarata a wannan aiki. Aka hana busa kwalba a ɗakin likita, kuma da gaskiyarsu, iskar mutum ɗaya tana cika ɗaki. Aka tsayar da zuwa gidaje. Masu tari suka ɓuya, kowa yana tsoron a ce shi ne, a killace shi. Mutumin da ya shekara yana zuwa wurinmu sai ya ga farar riga ya sauya hanya. A tsakiyar wannan aka mayar da Madam Fati wani gari, ta bar mini akwatin kayan aiki da lambar tarho. Na koma tsintsiyata. Da abin ya lafa na fara bin mutanena gida gida. Wasu na tarar da su yadda na bar su, wasu sun koma baya, wasu kuma gaisuwar mutuwa na yi. Makiyayin Alakos ɗan uwansa ne ya zo kasuwa ya faɗa mini rasuwarsa.

Ya Fanna na tarar a katifa, kasko ya koma mazauninsa. Mura ce ta kama ta da ɗari, ta kwanta, da ta warke ba wanda ya yarda ta tashi. Na yaye zane na ga ƙafafun sun zama kamar kara. A ƙugunta fata ta fashe inda take kwanciya. Bukar ya tare ni a tsakar gida, da ladabi amma fuska a ɗaure. Ya ce, "Inna, mun gode da wahalarki. Amma mutane sun ce tafiyar nan ce ta kayar da ita. A bar ta ta huta, kwana nawa ya rage mata?"

Na ce uwarka ce, ba zan shiga ɗakinta ba sai da yardarka. Amma ka bari a tambaye ta.

Muka shiga. Tsohuwa ta ji komai, don ɗakin zana ce ta raba shi da tsakar gida. Ta dubi ɗanta ta ce, "Hutun nan." Ta numfasa. "Ya ishe ni." Bukar ya sunkuyar da kai ya fita. Bai hana ni ba.

Na sayi goro na je wajen Ya Gana. Tunanina in tsofaffi biyu suna tafiya tare ba mai cewa an wulaƙanta ɗaya. Ta karɓi goron ta sa albarka, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yar nan, tare muka yi wasan ƙasa da Fanna. Ba da ni za a kashe ta ba." Ba mugunta ba ce. Har ga Allah haka ta gani.

Na dawo ina tunanin aikin ya ƙare, don ni sau ɗaya nake zuwa a mako, sauran kwanakin na mai gida ne. Kellu tana wanke kwanoni, ba ta ɗago ba ta ce, "Inna, mu fara. Su gaisuwa suke zuwa yi, daga wuya zuwa sama suke gani. Ni nake wanke ta."

Wannan karon daga ƙasa muka faro, ƙasa da inda muka fara da farko. Ɗaga ƙafa a kan katifa. Juyawa gefe da gefe don gyambon ya sha iska. Zama. Ranar da ta miƙe tsaye sai da muka riƙe ta mu biyu. Kellu tana da ciki a lokacin, ta haihu, aka sa wa yarinyar sunan kakarta, ta yi wankan jegonta, duk ba ta bar aikin ya tsaya ba. A rijiya kuwa mata sun rage yi mata magana. In ta iso sai hira ta mutu. Ba ta sake kawo mini ƙara ba, a bakin wasu na ji.

Da tsohuwa ta sake kai gindin bedi, sai muka shiga rairayi. Tafiya a rairayi daban take da ta tsakar gida, kowane taku ƙafa tana nutsewa tana cin ƙarfi. Akwai ɗan tudu a bayan gidan, nan muka yi makaranta. A shaƙa a tsaye, a taka ana sakewa. Ba a fuskantar tudu kai tsaye, a gicciye ake binsa yadda shanu ke yi. A huta tun numfashi bai ƙare ba, kada a jira ya ƙare. Mun ci watanni a wannan ɗan tudun. Da dabino ya fara nuna na gaya wa majo, ya auna ta, ya ce a gwada da sanyin safiya, maganin shaƙa yana hannu.

Na kwana a garin don mu fita da wuri. Rairayi bai yi zafi ba muka kama hanya, tsohuwa da sandarta, ni a gefe, Kellu da goyo a ɗaya gefen. Bukar ya biyo mu daga nesa yana jan jaki. Gangara ba ta ba mu wuya ba, sau biyu ko uku muka tsaya. Da muka shiga inuwar kwari ta saki hannuna. Ta bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya tana dafa su. Ta tsaya gindin wani ta ɗaga kai ta daɗe. Sai ta juyo ta nemi ɗanta, ta nuna masa 'ya'yan dabinon da suka fito a gindi suka yi cunkus ba a cire ba, ta ce, "Wannan gona ce ko kan mahaukaciya?" Bukar ya yi dariya, rabon da in ga haƙoransa tun kafin korona. Ta zauna ta huta sosai, ta sha ruwa, ta tsinci 'yan dabinon da suka faɗo ta ƙulle a gefen zane.

Hawa shi ne aikin. Lokacin mata sun gama ɗiban ruwan safe suna haurawa, suka gan mu, suka rage tafiya. Wasu da suka riga suka kai sama suka sauke bidon, jarkokin ruwansu, suka tsaya. Ya Gana tana can bisa, an je an kira ta. Tsohuwa ta kama hawa yadda muka koya, a gicciye, taku kaɗan sai tsayawa. Ta yi kyau har rabin tudun. A nan rairayin ya fi laushi, ƙafarta ta nutse ta zame, ta yi ƙoƙarin riƙe kanta, numfashin ya ƙwace. Ta ɗora hannuwa bisa sanda ta sunkuya. Ana jin ƙirjinta yana fito daga nesa. Kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, gumi yana ɗiga daga haɓarta.

Na matsa kusa ina duban leɓenta, ina shaƙa ina sakewa da ƙara don ta bi ni. Ban taɓa ta ba. Kellu tana tsaye, hannuwanta biyu a baya ƙarƙashin goyo.

Ya Gana ta yi magana daga sama. "Bukar, uwarka ce fa."

Bukar ya jawo jaki da sauri. Kafin ya iso Kellu ta taka ta tsaya a gaban jakin. A gaban matan gari, ga surukarta, ga baƙuwa. Idonta a ƙasa ta ce, "Ka yi haƙuri. Leɓenta bai canza ba." Ta juya kai wajen tsohuwa. "Ya, wa na goya?"

Muka jira. Tsohuwa ta shaƙa, ta tsuke baki ta sake. Ta ƙara. Sannan ba ta ɗago ba ta ce, "Takwarata." Ta numfasa. "Mai ƙaton kai."

Kellu ta ce, "Ta amsa. A bar ta."

Bukar ya dubi matarsa, ya dubi matan da ke sama, ya dubi uwarsa. Igiyar jakin tana hannunsa, bai ja ba bai saki ba. A haka muka tsaya har fiton ƙirjin ya ragu, kafaɗun suka sauka. Tsohuwa ta zare ƙafarta daga rairayi ta ɗora gaba. Sauran rabin ya fi na farko daɗewa nesa ba kusa ba. Jaririyar ta yi ɗan kuka ta yi shiru. Da ta taka ƙasa mai tauri a bisa tudun, mata suka buɗe mata hanya, wata ta kifa mata bidon, tsohuwa ta zauna a kai.

Ya Gana ta tsuguna tana share mata gumi da gefen mayafi, tana hawaye. Ta ce, "Allah ya kiyaye. Amma yarinyar nan zuciyarta dutse ce."

Ya Fanna ta ɗaga hannu alamar a jira. Muka jira, ta gama numfashinta a natse, ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta ce, "Gana, kullum kina zuwa gaishe ni, na gode. Amma zaman makokina kike yi ina da rai. Wannan ta bar ni na sha wuya, ga shi na ga dabinona."

Ta sake sauka kwarin a wannan shekarar, ta sauka a ta bayanta, wani lokaci da ƙafa, wani lokaci ta hau jaki a dawowa in ta ga ranar ba tata ba ce. Huhun bai warke ba, dama ba a ce zai warke ba. Da ɗarin da ya biyo baya ciwon ya tashi mata, aka kawo ta nan, a ɗakin da kuke sitaj ta cika.

A ranar hawan, da muka koma gida tsohuwa ta kwanta, Kellu ta kawo mini ruwa a kwano kafin motar kasuwa ta tashi. Da ta miƙo na ga bayan hannunta, farce ya shiga wuri wuri har jini ya kwanta. Na ce me ya same ki?

Ta janye hannun ta sa a cikin zane. Ta ce, "Ba komai, Inna. Da ban riƙe hannuwan nan ba, da sun ɗauke ta."